Besbol: Yadda Wasan Yara Ya Zama Wasan Ƙasa

Duk mai son ya ga yadda baƙon wasa ke shiga ƙasa, har ko dai ya zama ɗan gida ko kuwa ya dawwama yana baƙo, to, ya dubi garin Jos. Tun farkon ƙarni na ashirin, sa'ad da kamfanonin Turawan Ingila suka sauka a kan tsaunukan Filato domin haƙar kuza, sun zo da wasanninsu na motsa jini tare da injunansu. A shekarar 1913 aka kafa filin golf na Rayfield, wanda a ke lissafa shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. Ƙwallon dawaki ya samu fili a garin, haka nan ƙwallon ƙafa. To, amma rabonsu bai zo ɗaya ba. Golf da ƙwallon dawaki sun tsaya a hannun masu hali, gama ɗaya yana bukatar makeken lambu da sanduna masu tsada, ɗayan kuwa sai da dawaki da masu kula da su. Shi kuwa ƙwallon ƙafa ya tsallake shinge, ya faɗa barikokin 'yan kuza da makarantu da lungunan unguwa, har ta kai ga a 1972, shekarar da aka fara gasar lig ta ƙasa, ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ce ta zama zakara.

Akwai wani wasa da bai zo tare da masu haƙar kuza ba, domin a siffar da a ke yinsa yanzu na Amurka ne, mu kuwa Ingila ce ta mallake mu. Sunansa besbol. Yawancin masu karatu ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, sai fa a majigi ko talabijin, inda a kan hangi wani ƙato riƙe da kulki yana jiran a jefo masa ƙwallo. Duk da haka tarihinsa ya cancanci a ba da shi a wannan fili, domin yana ɗauke da amsar tambayar da Jos ta ajiye mana, watau me ke sa wani wasa ya girma, wani kuwa ya tsaya inda ya ke. Besbol ya faro ne daga wasan yara na dandali, bai fi langa daraja ba ko kaɗan. Abubuwa uku ne suka ɗaga shi: an rubuta dokokinsa, an kafa ƙungiyoyi masu gasa a kai a kai, sa'an nan aka buɗe ƙofarsa ga kowa. Na ukun nan shi ya fi ba Amurkawa wuya, kamar yadda za mu gani.

Yadda A Ke Wasan

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara a fili. A tsakiyar filin akwai murabba'i mai kusurwa huɗu, tsakanin kowace kusurwa da 'yar'uwarta ƙafa 90. Kusurwa ɗaya ita ce gida, sauran ukun kuwa mu kira su zangon farko, da na biyu, da na uku. Bayan murabba'in sai fili mai ciyawa ya buɗe kamar mafici, ya je ya tuƙe da katanga.

A kowane lokaci ƙungiya ɗaya na bugu, ɗaya na tsaro. Masu tsaro su kan watsu cikin fili su tara ɗin. Mai jifa yana tsaye kan wani ɗan tudu a tsakiya, ƙafa 60 da inci 6 daga gida. Mai cafka yana tsugune bayan gida. Mutum huɗu na gadin zanguna, uku kuma na can nesa wajen katanga. Masu bugu kuwa ɗaya bayan ɗaya su ke fitowa, kowa ya tsaya a gida riƙe da kulkin itace wanda tsawonsa bai wuce inci 42 ba. Shi ƙwallon bai fi lemon zaƙi girma ba, amma da tauri, domin zare ne aka naɗe tam aka rufe da fata.

Mai jifa ya kan wurgo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa da dabararsa. In mai bugu ya kai duka ya kuskure, ko kuwa jifa mai kyau ya wuce shi bai motsa ba, an rubuta masa kuskure ɗaya. In ya yi uku ya mutu, kamar dai yadda 'yan langa ke cewa. In kuwa mai jifa ne ya baude har sau huɗu, to, mai bugu ya tafi zangon farko a kyauta. Sa'ad da mai bugu ya sami ƙwallon, sai ya yar da kulki ya sheƙa zuwa zangon farko. In wani mai tsaro ya cafe ƙwallon kafin ya taɓa ƙasa, ya mutu. In aka jefa ƙwallon ya riga shi isa zangon farko, ya mutu. In aka taɓa shi da ƙwallo alhali yana tsakanin zango da zango, nan ma ya mutu. Amma in ya isa lafiya, sai ya tsaya can ya jira ɗan'uwansa ya buga, shi kuma ya ƙara gaba. Wanda duk ya kewaye zanguna uku ya komo gida, ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Bugun da 'yan kallo suka fi so shi ne wanda ke tsallake katanga, gama a nan mai bugu da duk waɗanda ke kan zango su kan komo gida ba mai tare su.

In mutum uku suka mutu sai a juya, masu tsaro su koma bugu. Kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, an yi turmi ɗaya ke nan, in mun ari kalmar 'yan dambe. Turmi tara a ke yi, in an yi kunnen doki a ƙara. Ba agogo ke tashin wasan ba, ko da ya ke tun daga 2023 manyan ƙungiyoyin Amurka sun ƙayyade wa mai jifa daƙiƙoƙin da zai ɗauka tsakanin jifa da jifa.

Asalinsa Da Tatsuniyar Janar

Tun da daɗewa yaran ƙauyukan Ingila ke wasanni iri iri na sanda da ƙwallo da gudu tsakanin turaku. A shekarar 1744 wani mai buga littattafai a Landan, John Newbery, ya fitar da wani ɗan littafin yara wanda a ciki sunan besbol ya fito, har da zanen yara tsaye kusa da turaku. Masu ƙaura daga Ingila suka ƙetare teku da irin waɗannan wasanni. A 1791 hukumar wani gari mai suna Pittsfield, a jihar Massachusetts ta Amurka, ta kafa dokar hana yin besbol a cikin yadi 80 daga sabon zauren taron garin, domin kada a farfasa mata gilasan tagogi. Watau dai tun a lokacin nan wasan ya yi yawan da har ya dami dattawa.

Duk da wannan, an daɗe a Amurka ana koya wa yara wani labari dabam. A 1905 wani attajiri mai sayar da kayan wasanni, Albert Spalding, wanda shi ma tsohon mai jifa ne, ya sa aka kafa kwamiti don ya binciko asalin wasan. Abin da ke ransa shi ne a tabbatar ba ruwan Ingila a ciki. Kwamitin ya dogara da wasiƙar wani tsoho guda ɗaya, ya yanke cewa wani Janar Abner Doubleday ne ya ƙago besbol a garin Cooperstown a 1839. Alhali kuwa a wannan shekara Doubleday yana makarantar hafsoshin soja ta West Point, kuma har ya rasu a 1893 bai taɓa da'awar ya ƙago wani wasa ba. Masana tarihi sun daɗe da watsar da wannan labari, amma ya riga ya yi aikinsa, domin a Cooperstown ɗin aka buɗe gidan tunawa da gwanayen besbol a 1939, yana nan kuma har yanzu. Gaskiyar magana ita ce besbol ba shi da uba ɗaya, kamar yadda ba wanda zai iya nuna wanda ya ƙago langa ko dara.

Sa'ad Da Aka Ɗauki Alƙalami

Kafin 1845 kowane gari da irin nasa wasan. A wani wuri zanguna huɗu ne, a wani biyar. A wani wuri mutum ɗaya ya mutu sai a juya, a wani sai kowa ya mutu. Hanyar kisa da aka fi sani kuwa ita ce a auna mai gudu a jefe shi da ƙwallo a jiki. Saboda haka mutanen wannan gari ba su iya karawa da na wancan sai an sha musu tukuna.

A watan Satumba na 1845 wasu samari 'yan birnin Niyok, akawuna da lauyoyi da 'yan kasuwa, suka kafa ƙungiya mai suna Knickerbocker, suka rubuta dokoki 20. Cikinsu akwai Alexander Cartwright, wanda ya yi aikin akawun banki, da William Wheaton, lauya. Dokokin sun hana jifar mai gudu a jiki, sun shata iyakar da bugu zai faɗa a karɓe shi, sun kuma tsayar da mutuwa uku kafin a juya. Hana jifar jiki ya zo da babban canji, domin shi ya ba da damar a yi amfani da ƙwallo mai tauri wanda ke tafiya nesa da sauri, wasan ya tashi daga na yara ya zama na manya. Ƙungiyar kuma ta kan ci tarar wanda ya yi ashar ko ya yi wa alƙalin wasa musu. Ran 19 ga watan Yuni na 1846 suka ƙetare kogi zuwa Hoboken suka kara da wata ƙungiya ta Niyok, aka lallasa su da ci 23 da 1. Masu rubuta doka ba lalle su ne gwanayen fili ba.

A wancan zamani wanda ya fara kai maki 21 shi ya ci. Sai a 1857 ƙungiyoyi 16 suka yi taro a Niyok a ƙarƙashin shugabancin wani likita, Daniel Adams, wanda saboda son wasan har da hannunsa ya kan ɗinka wa ƙungiyarsa ƙwallaye. Taron ya tsayar da turmi tara, da mutum tara, da ƙafa 90 tsakanin zanguna, abubuwan da ba su canja ba har yau. Takardun da aka rubuta daftarin waɗannan dokoki a kai an yi gwanjonsu a 2016 a kan kuɗi fiye da dala miliyan 3.

Ba a tsaya nan ba, an yi ta gyara bisa ga abin da fili ya nuna. Da farko in aka cafe ƙwallo bayan ya yi tsalle ɗaya a ƙasa, mai bugu ya mutu, sai a ƙarshen 1864 aka yanke cewa sai an cafe shi a sama. Da farko mai jifa daga ƙasa ya ke wurgowa, sai a 1884 aka yarda ya ɗaga hannu sama da kafaɗa. A 1889 aka tsayar da bauɗiya huɗu, a 1893 kuma aka matsar da mai jifa zuwa inda ya ke yanzu, domin jifa ya yi ƙarfin da masu bugu suka kasa.

Akwai wani mutum da bai yi suna a fili ba, amma aikinsa ya fi na gwanaye da yawa. Shi ne Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila. Shi ya tsara jadawalin da jaridu ke bugawa bayan kowane wasa, mai nuna abin da kowane ɗan wasa ya yi. Daga 1860 kuma ya riƙa shirya wani ɗan littafin dokoki na shekara shekara da a ke sayarwa a kan santi 10, kuɗin da ko lebura zai iya fitarwa. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, daga 1861 zuwa 1865, sojoji daga jihohi dabam dabam suka haɗu a sansani suka koyi wasan irin na Niyok, da aka sallame su kowa ya koma da shi garinsu. Ya zuwa 1867 ƙungiyoyin da ke cikin haɗaɗɗiyar ƙungiyar besbol ta ƙasa sun haura 400.

Kuɗi Ya Shigo

Masu Knickerbocker sun ɗauki wasan a matsayin nishaɗin 'yan boko bayan tashi daga ofis. Amma da makera da masu kashe gobara da ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka kafa nasu ƙungiyoyi, sai wasan ya fi ƙarfin masu shi. A 1858 aka fara karɓar kuɗin shiga kallo, santi 50. Tauraron farko shi ne Jim Creighton na Brooklyn, mai jifan da ya gagari masu bugu, wanda ya rasu a 1862 yana da shekara 21 kacal.

A 1869 ƙungiyar Red Stockings ta garin Cincinnati ta zama ta farko da ta fito fili ta ce duk 'yan wasanta albashi ta ke biyansu. Shugabanta Harry Wright haifaffen Sheffield ne ta Ingila, ɗan wani gwanin kurket. Ƙanensa George Wright shi ya fi kowa albashi, dala 1,400 a kakar wasa. Mutum ɗaya tak a cikinsu ne ɗan garin. Suka bi reluwe suka kewaye ƙasa har Kalifoniya, suka ci wasa 57 a wannan shekara ba wanda ya kā da su. Sai ran 14 ga watan Yuni na 1870 ƙungiyar Atlantic ta Brooklyn ta karya lagonsu da ci 8 da 7 a turmi na 11.

Daga nan aka kafa babbar gasar National League a 1876, da kishiyarta American League a 1901, a 1903 kuma zakarun biyu suka fara karawa, inda Boston ta doke Pittsburgh. Gwanaye suka yi ta fitowa. Cy Young ya yi jifa daga 1890 zuwa 1911 ya ci wasa 511, abin da ba wanda ya kamo har yanzu. Babe Ruth, wanda tun yana ɗan shekara 7 iyayensa suka kai shi makarantar horon kangararrun yara a Baltimore, a can ya koyi wasan, ya zo ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 60 a shekarar 1927 kaɗai, sau 714 a duk rayuwarsa ta wasa.

To, amma inda kuɗi ya shiga, 'yan caca ba su nesa. A 1877 aka kori 'yan wasa huɗu na garin Louisville saboda sayar da wasa. Mafi muni shi ne na 1919, sa'ad da aka zargi mutum takwas na ƙungiyar White Sox ta Shikago da karɓar kuɗin 'yan caca don su faɗi a wasan ƙarshe. Kotu ta sallame su a 1921, amma sabon kwamishinan besbol, Alƙali Kenesaw Landis, ya kore su duka har abada. Hujjarsa ita ce in 'yan kallo suka daina yarda da abin da idonsu ke gani a fili, wasan ya mutu.

Ƙofar Da Aka Rufe

Baƙaƙen fatar Amurka sun yi besbol tun farkonsa. A 1867 wata ƙungiyarsu ta Filadalfiya mai suna Pythian, ƙarƙashin jagorancin wani malamin makaranta, Octavius Catto, ta nemi a karɓe ta cikin ƙungiyar jiharsu, ba ta samu shiga ba. A watan Disamba na wannan shekara haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙasa ta yanke cewa ba za ta karɓi duk ƙungiyar da ke da baƙar fata ko da guda ɗaya ba. Duk da haka wasu sun kutsa. A 1884 Moses Fleetwood Walker ya yi wa garin Toledo wasa a babbar gasa a matsayin mai cafka. Amma manyan 'yan wasa farare, musamman Cap Anson na Shikago, suka riƙa ƙin shiga fili in akwai baƙi, har kafin ƙarshen ƙarnin masu ƙungiyoyi suka haɗa baki a asirce suka rufe ƙofa gaba ɗaya. Abin lura shi ne wannan wariya ba ta cikin littafin dokokin manyan gasanni. Mutanen da suka rubuta tsawon kulki da nauyin ƙwallo, sun ji kunyar rubuta wannan, amma ba su ji kunyar aikata shi ba.

Baƙaƙe ba su zauna sun naɗe hannu ba. A 1920 Rube Foster ya tara masu ƙungiyoyinsu a Kansas City suka kafa tasu gasa. A nan aka sami gwanaye irin su Satchel Paige mai jifa da Josh Gibson mai bugu, waɗanda suka yi ta yawo a mota gari gari, sau da yawa a hana su ɗaki a otal ko abinci a gidan cin abinci.

Ran 15 ga watan Afrilu na 1947 Jackie Robinson ya shiga fili sanye da rigar Dodgers ta Brooklyn. Tsohon hafsan soja ne, wanda a 1944 aka gurfanar da shi gaban kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a cikin bas, kotun kuma ta wanke shi. Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, ya ɗauke shi bisa sharaɗin cewa duk zagin da za a yi masa ba zai rama ba. An zage shi, an aika masa da wasiƙun barazana, masu jifa sun auna jikinsa, amma ya daure. A wannan shekara aka zaɓe shi gwarzon sababbin 'yan wasa, a 1949 kuma gwarzon gasar baki ɗaya. Duk da haka sai a 1959 ƙungiya ta ƙarshe, Red Sox ta Boston, ta sa baƙar fata a fili. A 1974 wani baƙar fata, Hank Aaron, ya wuce 714 na Babe Ruth. A 1997 aka jingine lambar rigar Robinson, 42, a dukan manyan ƙungiyoyi. A 2024 kuma aka haɗa alƙaluman gasar baƙaƙe da na manyan gasanni, sai ga Josh Gibson, wanda ya rasu watanni uku kafin Robinson ya shiga fili, shi ke kan gaba a yawan samun bugu cikin tarihin wasan. Ba domin an sami masu rubuta sakamakon wasanninsu a jaridun baƙaƙe ba, da wannan hakki ya salwanta.

Daga Amurka Zuwa Duniya

Ɗaliban Kyuba da suka yi karatu a Amurka sun koma da wasan gida cikin shekarun 1860, daga can ya bazu tsibiran da ke kusa da kuma Benezuwela. A Japan wani malami Ba'amurke, Horace Wilson, ya koya wa ɗalibansa a Tokiyo a 1872, makarantu suka riƙe shi har ya zama babban wasan ƙasar. A Afirka kuwa bai yi ƙarfi ba. An sa shi cikin wasannin Afirka na Johannesbag a 1999 da na Abuja a 2003, duka biyun Afirka ta Kudu ta ɗauki zinariya, Nijeriya ta ɗauki azurfa. A 2017 Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu ya shiga babbar gasar Amurka tare da ƙungiyar Pittsburgh. A kan ce tsadar kaya ce ta hana wasan yaɗuwa a nan, amma yaran Jamhuriyar Dominika da sandar tsintsiya da murfin gora su ke koyonsa, ga shi kuwa sun cika manyan ƙungiyoyin Amurka. Abin da wasa ke bukata shi ne malami, da gasa, da wanda zai rubuta sakamako.

Mu Kuma Fa?

Ba manufar wannan bayani ba ce a ce yaran Jos ko na Kano su bar abin da su ke yi su ɗauki kulki. Manufa ita ce mu dubi namu. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun riga sun nuna hanya. A 1975 suka fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa, da tsayayyun dokoki da alƙalai da takobin da a ke ba zakara, ga shi kuwa kokawa ta zama wasan da ke tsayar da ƙasar cik. A nan gida an shigar da langa da dambe da kokawa cikin bikin wasanni na ƙasa, har an kasa langa gida uku, watau ruwa da tureshi da kawoshi. Wannan mataki ne mai kyau, amma bai wuce abin da aka yi a Niyok a 1845 ba. Saura aikin Chadwick. Ina ɗan littafin dokokin langa da Hausa wanda malamin firamare zai saya da kuɗin aljihunsa? Ina gasar makarantu daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, wadda a ke yi kowace shekara ba fashi? Ina jadawalin da zai adana sunan wanda ya ci da wanda aka kayar? Gwanayen langa nawa ne suka shuɗe a ƙauyukanmu ba wanda ya rubuta ko sunansu? Abin da ba a rubuta ba, ya kan bi mai shi kabari.

Ta fuskar buɗe ƙofa kuwa, Jos ba ta bukatar ta je Amurka neman darasi, nata tarihin ya ishe ta. Mai karatu ya dubi sunayen 'yan wasan Mighty Jets na farkon shekarun 1970: Sam Garba Okoye, da Ismaila Mabo, da Layiwola Olagbemiro, da 'yan gidan Atuegbu. Alhaji Isyaku Ibrahim da ya ɗauki nauyin ƙungiyar ya tara su riga ɗaya, 'yan kallo kuma suka bi su ba tare da tambayar addini ko asali ba. Daga wannan gari ne John Mikel Obi da Ahmed Musa suka fito, kowannensu ya riƙe kyaftin na ƙungiyar ƙasa. To, amma rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni da yawa na garin, har yaro ya kan tashi bai taɓa wasa da ɗan ƙetaren titi ba. Irin wannan shinge, kamar wanda ya tsare Josh Gibson, ba a rubuce ya ke ba, amma yana hana gwani fitowa. Amurka ta yi hasarar shekara 80 tsakanin 1867 da 1947 kafin ta gane wannan.

Saboda haka muna kira ga hukumomin wasanni na jihohi, da shugabannin makarantu, da sarakuna, da attajirai masu son a tuna da su, su ɗauki wasannin dandali da muhimmanci. A rubuta dokokinsu cikin harshen da yara ke ji, a sa musu gasa mai ɗorewa, a tsare su daga 'yan caca tun ba su yi nisa ba, a kuma bar filin a buɗe ga ɗan kowa. Allah Ya sa masu iko su ji, su kuma aikata.